Abin da Ke Rawa da Abin da Ke Shirin Faɗuwa: Lacca kan Kalmar “Unstable” da Takwarorinta a Hausa

  



Gabatarwa

Maganar da zan yi yau a kan kalma ɗaya ce ta Turanci, wato “unstable”, tare da 'yar uwarta “unsteady”. Wani zai ce kalma ɗaya ta yi kaɗan a tara dattawa a kanta. Amma duk wanda ke sauraron labarai, ko yake karanta jarida, ko ya taɓa jinyar ɗan uwa a asibiti, ko yake shirin zana jarrabawar WAEC ko NECO, ya san wannan kalma ba ta barin kunne ya huta. Da ita ake siffanta wutar lantarki, da ita ake siffanta darajar naira, da gwamnati, da majinyaci, da sinadari a ɗakin gwaje-gwaje, har ma da mutumin da ake so a ɓata wa suna.

Yawancin 'ya'yanmu sun haddace mata fassara guda: “marar tabbas”. Da wannan fassarar suke shiga ko'ina, kuma a wurare da yawa takan kai su ta baro. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zama shi ne: ba a sanin ma'anar kalma sai an san abin da take siffantawa. Kafin ka fassara “unstable”, tambayi kanka: mene ne abin da bai tsaya ba, kuma wane irin rashin tsayuwa ne? Idan ka amsa wannan, za ka tarar Hausa ta riga ta tanadar maka kalmar da ta dace, sau da yawa ma fiye da ɗaya.

Yadda Aka Gina Kalmar

Kalmar gaɓa biyu ce ta fuskar ma'ana. Akwai ɗafa-goshi “un-”, wanda aikinsa kore abu, kamar yadda muke cewa “marar” ko “rashin”. Sai tushen, “stable”, wanda Turanci ya aro daga Faransanci, shi kuma Faransanci ya gada daga Latinanci, inda saiwar kalmar ke nufin tsayuwa. Dubban kalmomin Faransanci sun shiga Turanci ne bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Ita kuwa “steady” 'yar gida ce, daga tsohuwar kalmar Turanci “stead”, wadda ke nufin wuri ko mazauni. Saboda haka ɗaya tana maganar abin da ya tsaya da gindinsa, ɗaya kuma abin da ya zauna a wurinsa bai gusa ba.

Akwai tarko biyu a nan da ya kamata ɗalibai su kiyaye. Na farko, idan kana son sunan da ke fitowa daga siffar “unstable”, ba za ka ce “unstability” ba. Abin da ake cewa shi ne “instability”. Ɗafa-goshin yakan sauya daga “un-” zuwa “in-”. Haka abin yake a “unable” da “inability”, da “unjust” da “injustice”, da “unequal” da “inequality”. Dalili shi ne sunayen sun shigo Turanci da rigarsu ta Latinanci, su kuwa siffofin sun ɗauki ɗafa-goshin gida. Amma “unsteady” ba ta da wannan rigima, sunanta “unsteadiness” ne kai tsaye. Malamin da ya jera wa ɗalibansa waɗannan tagwaye a allo sau ɗaya, ya raba su da kuskuren da ke cinye musu maki a rubutun insha'i.

Tarko na biyu, “stable” tana da wata ma'ana dabam idan ta zo a matsayin suna: barga ce, inda ake ɗaure dawaki. A gari irin Kazaure, inda doki yake da daraja a hawan Sallah, wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce. To amma yaron da ya ga kalmar a jimlar da ke maganar farashi ko lafiya, kada ya tafi neman doki a cikinta. Matsayin kalma a jimla shi ke nuna wacce ake nufi.

Bambancin 'Yan Uwan Biyu

Ga inda zuciyar maganar take. “Unsteady” tana siffanta abin da kake ganin motsinsa yanzu da idonka, ko kake jin sa da kunnenka. Tsohon da ya tashi daga zazzaɓi yana tafiya yana layi, da hannun da ke karkarwa wajen zare allura, da muryar da ke rawa saboda kuka ko tsoro, da harshen fitilar da iska ke kaɗawa, duk waɗannan “unsteady” ne.

“Unstable” kuwa ta fi zurfi. Tana siffanta abin da zai iya faɗuwa, ko ya sauya, ko ya wargaje a kowane lokaci, ko da a yanzu yana tsaye ƙyam. Ku ɗauki katangar ƙasa a watan Agusta, wadda ruwa ya ci gindinta. Ba ta rawa, ba ta motsi. Mai wucewa zai ga katanga lafiyayya. Amma magini ya san kwananta ya ƙare, shi ya sa zai hana yara zama a inuwarta. Wannan katanga “unstable” ce. Duk wanda ya ga yadda gidajen ƙasa ke rushewa a ƙauyukanmu idan damina ta yi nauyi, ya san wannan bambanci zai iya zama bambancin rai da mutuwa.

A taƙaice, ɗaya tana ba da labarin abin da ke faruwa, ɗaya tana gargaɗi kan abin da ke tafe. Akwai wuraren da suke haɗuwa: tsanin da aka jingina a ƙasa marar daidai za a iya kiransa da kowacce. Amma Bature ba zai ce gwamnati “unsteady” ce ba idan yana nufin tana iya kifewa, kuma ba zai ce hannun tsoho “unstable” ne ba idan yana nufin karkarwa. Kowace kalma tana da abokan tafiyarta, kuma sanin waɗannan abokan tafiya rabin sanin harshe ne.

Suna da dangi kuma. “Erratic” ana faɗinta ga abin da ba ya bin tsari, yau ya zo gobe ya ƙi, kuma asalinta daga kalmar Latinanci ce mai nufin yawo ba alƙibla. “Volatile” ta fito daga kalmar da ke nufin tashi sama kamar tsuntsu, ana faɗinta ga sinadarin da ke bin iska da sauri irin fetur, da kasuwar da farashinta ke tsalle, da wurin da rikici ke iya ɓarkewa. “Fickle” kuwa ta halin mutum ce, mai saurin sauya ra'ayi ko ƙauna.

Abin da Hausa Ta Tanada

Yanzu mu dawo gida. Wasu 'yan boko suna ɗauka cewa Hausa ba ta da yalwar kalmomi, don sun ga kalmar Turanci guda ba ta samu takwara guda ba. Gaskiyar ita ce a wannan fage Hausa ta rarrabe abin filla-filla.

Idan tafiyar mutum ce, muna da tangaɗi, da layi, da rangaji, da tangal-tangal. Ba ɗaya suke ba. Tangaɗi na wanda maye ko jiri ya ɗauka ne. Layi na wanda ƙarfinsa ya ƙare ne, ko barci ya rinjaye shi. Rangaji kuwa yana iya zama na ado da yauƙi, har a yaba wa mai yin sa. Tangal-tangal na abin da ke gab da faɗuwa ne, shi ya sa muke aronta mu ce kamfani yana tangal-tangal, ko aure yana tangal-tangal. Yaron da ke koyon tafiya kuma tata yake yi, ba wanda zai ce yana tangaɗi.

Idan jiki ne, muna da karkarwa da makyarkyata da rawar ɗari. Idan abu ne da aka kafa, kamar haƙori ko turke ko ƙafar kujera, sai mu ce yana girgiɗi, ko yana rawa. Idan ɗauri ne bai yi ba, ya yi sako-sako. Idan abin a rataye yake, yana reto ko lilo.

Idan muka shiga zuciya da hali, sai ƙofa ta ƙara buɗewa: wasi-wasi, kokwanto, ɗari-ɗari, inda-inda, rashin alƙibla, kwan-gaba-kwan-baya. Idan zaman jama'a ne, muna cewa zaman ɗar-ɗar, ko rashin kwanciyar hankali, ko zaman doya da manja. Idan makomar abu ce ba a sani ba, muna cewa yana cikin halin ƙila-wa-ƙala.

Ku lura da kalmar rawa ita kaɗai. Rawar murya alamar tsoro ce ko tausayi. Rawar jiki kuwa ɗoki ne da zumuɗi, har mukan ce an karɓi baƙo da rawar jiki, wato da murna. Rawar kai hali ne na rashin natsuwa. Baƙon da ke koyon Hausa, idan ya haddace cewa rawa motsi ne kawai, zai ɗauka mai masaukin da ya tarbe shi da rawar jiki zazzaɓi ke damunsa. To, irin wannan kuskuren ne ɗanmu yake yi idan ya riƙe fassara ɗaya ta “unstable” ya ƙi saki.

Da yawa daga waɗannan kalmomi namu amsa-kama ne, irin su tangal-tangal da ɗar-ɗar da sako-sako, waɗanda sautinsu kansa yake zana hoton abin. Wannan dukiya ce da Hausa ta fi Turanci yawanta. Abin takaici, ita ce ta fara ɓacewa daga bakin yaran da suka tashi suna jin cewa kalmar kaka ba ta shiga aji.

Kalmar a Kasuwa, a Gona da a Gida

Mu ga yadda abin yake a rayuwarmu ta yau da kullum.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Kafin nan dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Jaridun Turanci sun cika da “unstable exchange rate”. Ɗan kasuwar Babura, wanda ke hulɗa da mutanen Nijar yana lissafin naira da sefa, bai jira jarida ba. Ya san safiya da farashinta, yamma da nata. Da bakinsa zai ce maka canji ba ya zama wuri ɗaya, ko farashi yana hawa da sauka. Mai fassarar da ya ce “darajar naira marar tabbas” bai yi ƙarya ba, amma ɗan kasuwar ya fi shi fito da abin. Kuma a lura, kuɗin da ke faɗuwa kullum ba tsayawa, wannan faɗuwa ce ko karyewa. Hawa da sauka dabam, zubewa dabam, kuma wajibi ne mai ba da labari ya bambance su.

A gona kuma, manomin Gwiwa ko Roni da ya yi binne yana jiran ruwan farko, ya san damina iri-iri ce. Akwai wadda ke makara. Akwai wadda ke sauka da wuri, gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku shuka ta ƙone, a sake neman iri. Akwai wadda ke ɗaukewa dawa tana tsaka da fitar da kai. Rahotannin masana yanayi sukan tattara duk wannan su ce “erratic rainfall”. Manomi kuwa zai ce damina ta yi gardama, ko an yi fari a tsakiya, ko ruwa ya ɗauke da wuri. Malamin gona da ke son a saurare shi, dole ya san wacce daga ciki yake nufi, domin maganin kowacce dabam ne: wata iri mai saurin nuna take buƙata, wata jinkirta shuka.

Wutar lantarki ma haka. A nan Jigawa, kamar Kano da Katsina, kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta. Idan aka ce wuta “unstable” ce, ana iya nufin a kawo a ɗauke, ana kuma iya nufin tana nan amma ƙarfinta yana hawa yana sauka. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya sun san waɗannan matsaloli biyu ne. Ta farko takan tsayar da aiki, ta biyu takan ƙona na'ura. A nan zan roƙi 'yan jaridarmu su bar wata al'ada da ta yaɗu a Turancin Nijeriya, ta kiran wuta “epileptic”, wato mai farfaɗiya. Farfaɗiya ciwo ne da 'yan uwanmu ke fama da shi, kuma tsangwamar da suke sha ta ishe su. Bai dace a mai da sunan larurarsu abin zagin wutar lantarki ba, alhali ga kalmomi birjik.

A siyasa kuwa, “political instability” ita ce a bakin masu sharhi. Maƙwabciyarmu Nijar ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Bayan na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024, kuma mutanen Babura sun ji abin a jikinsu da aljihunsu. Nijeriya ma ta sha nata tun daga 1966. Amma a kula: ƙasa tana iya zama shiru, ba harbi ba zanga-zanga, kuma a kira ta “unstable”, domin ana nufin tsarin mulkinta bai kafu yadda za a miƙa shi hannu zuwa hannu lafiya ba. Idan mai fassara ya ce “ana tashin hankali”, ya ƙara abin da ba a faɗa ba, ya tsorata masu 'yan uwa a can. Abin da ya dace shi ne ya ce mulki bai zauna da gindinsa ba, ko ana zaman ɗar-ɗar.

A Bakin Likita

Nan ne kuskure ya fi tsada. Idan likita ya ce majinyaci “stable” ne, yana nufin bugun zuciyarsa da numfashinsa da hawan jininsa da zafin jikinsa sun daidaita, ba sa sauyawa da sauri. Bai ce ya warke ba. Mutum zai iya kasancewa cikin mawuyacin hali, a kwance bai san wanda ke kansa ba, kuma a ce “stable” ne, don ciwon bai ƙaru ba. Idan ɗan boko na gida ya fito ya ce wa dangi “likita ya ce ya samu lafiya”, sai a fara shirin neman sallama, a daina sayen magani, wani lokaci ma a ɗauke majinyaci a koma gida. Fassarar gaskiya ita ce: jikin ya tsaya, bai ƙaru ba, amma har yanzu yana buƙatar kulawa.

Idan kuma aka ce “unstable” ne, ana nufin halinsa yana iya juyawa cikin ɗan lokaci, dole a sa masa ido, wataƙila ma ba za a iya ɗaukarsa a mota zuwa Kano ba sai an daidaita shi tukuna. Dangin da ba su gane wannan ba sukan zargi ma'aikata da jan ƙafa. Ina kira ga ma'aikatan jinya da ke cikin wannan zaure: ku faɗa wa mutane da Hausar da suke ji, ku kuma tabbatar sun gane kafin su bar gabanku.

Sai kuma siffanta mutum da kalmar. Idan Bature ya ce wane “unstable” ne, ko “mentally unstable”, magana ce mai nauyi, tana nuni ga larurar ƙwaƙwalwa. Ba daidai take da cewa mutum yana da rawar kai ko saurin fushi ba. Na ga ya kamata shugabannin makarantu da na ma'aikatu su yi hattara kafin su rubuta ta a takardar shaidar ɗalibi ko rahoton ma'aikaci. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka sa hannu. Kalma ɗaya a fayil tana iya hana yaro aiki ko aure. Hukunci kan lafiyar ƙwaƙwalwa na likitocin fannin ne, kuma wanda ke da larurar magani da tausayi yake buƙata daga gare mu.

A Ɗakin Kimiyya

Yankinmu yanzu yana da manyan makarantun kimiyya da fasaha: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗaliban da za su shiga can za su tarar da wannan kalma tana jiransu da ma'ana ƙayyadajjiya.

A kimiyyar lissafin motsi ana maganar daidaito iri uku. Ku sa ƙwallo a cikin ƙwarya: ko kun ture shi zai gangaro ya koma tsakiya, wannan shi ne “stable”. Ku kife ƙwaryar ku ɗora ƙwallon a ƙoƙuwarta: zai iya zama shiru, amma taɓawa kaɗan ta isa ya gangare ba dawowa, wannan shi ne “unstable”. Ku ajiye shi a shimfiɗaɗɗen daɓe: inda kuka tura shi nan zai zauna, wannan shi ne tsaka-tsaki. Da wannan ilimin ne injiniya ke gane dalilin da ya sa motar da aka yi wa lodi har sama take saurin kifewa a kwana, domin cibiyar nauyinta ta yi sama. Direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Daura ta cikin Kazaure sun san wannan a aikace, ko ba su taɓa shiga aji ba.

A kimiyyar sinadarai kuma, ana kiran ƙwayar zarra “unstable” idan cibiyarta tana rushewa da kanta tana fitar da haske mai ratsa jiki. Yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta Nijar irin wannan ne. Dutsen yana nan a ajiye, ba rawa ba girgiɗi, kuma nau'insa mafi yawa yakan ɗauki kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rushe. Duk da haka “unstable” ne a wurin masana. Ɗalibin da ya riƙe cewa kalmar tana nufin “mai rawa”, a nan zai tsaya cak.

Ƙamus da Iyakarsa

Ba a bar mu hannu rabbana ba. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, mai ɗauke da kalmomi kusan 39,000, bayan shekaru yana tattara su daga bakin Hausawa. R. C. Abraham da Malam Mai Kano sun fitar da nasu a 1949. Neil Skinner ya yi na Turanci zuwa Hausa a 1965, Roxana Ma Newman ta yi nata a 1990. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Ga kuma gadon fassara da Abubakar Imam da abokan aikinsa suka bari a Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da wanda sashen Hausa na BBC ya ɗora tun 1957.

Duk wanda ya buɗe ƙamus mai kyau zai ga ba ya ba da fassara ɗaya ya yi shiru. Yakan jera ma'anoni, ya kawo misalan jimloli. Matsalarmu ita ce ɗalibi yakan ɗauki ta farko ya rufe littafi. Yanzu da waya ta shigo, abin ya ƙara sauƙi kuma ya ƙara haɗari: a rubuta kalma tsirara a manhajar fassara, ta ba da amsa guda, a kwafa. Manhaja ba ta san ko katanga kake nufi ko majinyaci ba, sai ka ba ta cikakkiyar jimla, kuma ko ka ba ta, kai ne za ka auna abin da ta kawo da kunnenka na Bahaushe.

Kammalawa

Zan rufe da roƙo huɗu.

Ga malaman Turanci: kada ku koyar da kalma ita kaɗai. Ku kawo ta cikin jimloli biyar ko shida daga fannoni dabam-dabam, ku sa yara su faɗi kowace jimla da Hausar gidansu. Wannan ba ɓata darasin Turanci ba ne. Yaron da ya iya bambance tangaɗi da tangal-tangal, cikin minti kaɗan zai gane bambancin “unsteady” da “unstable”, domin hankalinsa ya riga ya san rabe-raben.

Ga malaman Hausa: ku ba ɗalibai aikin tattaro kalmomi daga bakin kakanninsu, da magina, da maƙera, da manoma, da masunta na bakin madatsar ruwa ta Kazaure. A rubuta su da misalansu a ajiye a ɗakin karatun makaranta. Akwai kalmomin da ke bakin tsofaffin Roni da Gwiwa waɗanda in ba a rubuta su yanzu ba, za su tafi tare da masu su.

Ga masu fassara a rediyo da asibiti da kotu: amana ce a hannunku. Wanda ke sauraronku ba shi da hanyar bincika abin da aka faɗa da Turanci, ku ne idonsa da kunnensa. Idan kalma ta shige muku duhu, ku tambayi mai maganar abin da yake nufi kafin ku isar.

Ga ɗalibai kuma: ku nemi Turanci da gaske, domin da shi za ku zana jarrabawa, da shi za ku karanta kimiyya da likitanci da shari'a. Amma ku riƙe Hausarku da kyau, ku zurfafa a cikinta, domin da ita za ku dawo ku yi wa iyayenku bayanin abin da likita ya ce, da abin da takardar banki ta ƙunsa, da abin da malamin gona ke nufi. Ilimin da ba za ku iya isar da shi ga mutanenku ba, amfaninsa ya tsaya a kanku ku kaɗai.